Lungunmu Kore Ne a Taswirar Yaya

Yayana bai iya zama ba. Ba zagi nake yi ba, haka Allah ya yi shi. Ka ba shi kujera, sai ya ɗora ƙafa ɗaya a kanta ya ci gaba da magana a tsaye. Abinci a tsaye, shayi a tsaye. Ko dubiya ya je, a bakin ƙofa zai toge yana kaɗa makullin mota, har sai mara lafiyar ya ji nauyi ya ce, "Je ka, Injiniya, na gode." Shekararsa hamsin da uku yanzu, ga furfura ga tumbi, mutum sama da ɗari biyu ke aiki a ƙarƙashinsa, amma kafin ranar da zan ba ku labarinta ban taɓa ganin ya cika minti goma a wuri ɗaya ba.

A waje Injiniya ake ce masa, a ofis Yallaɓai. Mu a gida Mai Tsani muke ce masa, kuma a gabana sunan ya samu. Muna yara Baba ya sayo talabijin, aka kafa mata eriya a kan rufin kwano. Da iska ta ɗan kaɗa sai eriyar ta juya, hoto ya dagule. Kafin Baba ya buɗe baki Yaya ya jingina tsani ya haye. Ni kuma, da yake ni ce auta kuma ni ce mai babbar murya, aikina in tsaya a taga, ido ɗaya a kan talabijin, ina kwarara masa ihu: "Ƙara kaɗan! Ƙara! Kai, ka wuce, dawo! Tsaya nan!" Umma kuwa ba ta taɓa ɗaga kai ta kalle shi a sama ba. Tana tsakar gida, ta juya wa tsanin baya, tana wanke kwanon da ta riga ta wanke, sai ta ji dirar ƙafarsa a ƙasa sannan ta sauke numfashi.

Da ya gama karatun injiniya, lokacin wayar hannu ta fara shigowa, wani kamfanin sadarwa ya ɗauke shi. Me suka ba shi? Hawa. Wallahi kamar sun tambaye mu. Shekara goma sha biyar yana hawa ƙarfen sabis, da hular kwano, da ɗamara, da sipana a ƙugu. Ya taɓa yi mini bayani, yana zagaye falona: a saman kowane ƙarfe akwai eriyoyi farare dogaye, kowace da ɓangaren da take kallo, kamar fitilar hannu. Inda ka juya fuskarta nan ke samun sabis. Ka ɗan karkata ta, wata unguwa ta samu, wata ta rasa. Idan ya sauko kuma sai ya shiga mota da wayoyi jere a gabansa, ya bi titi-titi yana auna ƙarfin sabis. Takalmi uku yake kashewa a shekara.

A waɗannan shekarun ne Umma ta fara kiran ƙarfe biyar. Baba ya rasu, ni na yi aure na koma can wani gefen gari inda nake koyarwa, sai an shiga mota biyu kafin a iso. Ita kaɗai ta rage a gidan. Kullum ƙarfe biyar na yamma za ta danna lambarsa.

"Ka sauko?"

"Na sauko, Umma."

"To."

Ƙit, ta kashe. Iyakar hirar kenan. Sannan ta kira ni, ni ce ake yi wa doguwar hira, da ƙorafin maƙwabta da na ciwon gwiwa. Amma na san nawa kiran cikon lokaci ne. Nasa ne kiran.

Sai aka fara ƙara masa girma. Shugaban tawaga, shugaban sashe, har aka kai shi hawa na shida, ofis mai bangon gilashi. Na je sau ɗaya. Akwai kujera mai juyawa wadda ledarta ba a ko cire ba, akwai wani ƙaton allo a bango da taswirar gari gaba ɗaya, an shafa mata launi: kore inda kira ke tafiya lafiya, rawaya inda yake tangal-tangal, ja inda yake katsewa. Tsakanin tebur da allon nan kafet ɗin ya siɗe, ya yi hanya. Sakatariyarsa ta ce mini a hankali, "Anti, ko taro a tsaye muke yi. Ƙafafuna sun gaji da Yallaɓai."

Gaskiya dai ya iya shugabanci, ba zan rage masa ba. Ya san masu hawa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda matarsa ta haihu da wanda ke tsoron tsawa. Shi ya kafa dokar cewa babu mai taka ƙarfe sai da ƙugiya biyu, ɗaya na maƙale kafin a cire ɗaya, kuma tun daga nan ba a ƙara ɗauko kowa daga gindin ƙarfe ba. Amma ofis na cin sa. Ya daina hawa, takardar izininsa ta hawa ma ta ƙare bai sabunta ba. Ya daina bin tituna da wayoyi. Allon nan ya zama idonsa. Duk da haka ƙarfe biyar na yi Umma za ta kira ta ce, "Ka sauko?" shi kuma daga hawa na shida, yana zagaye tebur, ya ce, "Na sauko."

Shekara uku da suka wuce aka buɗe sabon babban titi ta bayan garejin motoci. Motoci suka yi yawa, kira ya dinga katsewa, wurin ya yi ja wur a allon Yaya. Manya suka taso shi a gaba. Ya zagaye tebur ɗinsa kwana biyu, sannan ya ba da umarni a juya eriya ɗaya ta ƙarfen bayan gareji ta kalli titin. Aka juya. Jan ya koma kore. Aka yi masa tafi a taro, aka ba shi lambar yabo, aka ɗora shi a kan injiniyoyin kamfanin gaba ɗaya.

A makon nan ne sabis ya ɓace a lungunmu.

Ba wanda ya san dalili. Lungu ne mai tsawo, matsattse, mota ba ta shiga, gidaje kusan talatin. Mutane suka yi ta ɗaga waya sama, suna hawa kujera, suna leƙa katanga. Can aka gano cewa a bakin lungun, daidai jikin falwayar da ke gaban shagon mai walda, sabis cike yake taf. Taku goma ka shiga ciki, babu. To ka san mutane, maimakon a yi ƙara sai aka saba. Mai walda, mutumin kirki mai kunne ɗaya da ya toshe saboda ƙarar injin, ya haɗa benci da ragowar ƙarafa ya ajiye a wurin. Benci ya zama ofishin lungu. A nan ake cinikin awaki, a nan ake faɗa da miji, a nan ake yi wa ɗan da ke makaranta faɗa. Ba mai sirri. Matar da ke soya abinci a gefe ta fi kowa sanin wanda za a saka da wanda za a mayar.

Daga ƙofar ɗakin Umma zuwa bencin taku ɗari da ashirin ne, na ƙirga. Kullum biyar saura kwata za ta yafa mayafi, ta ɗauki sanda, ta kama hanya. Duk wanda ke kan benci ya san ya matsa.

Za ku ce, to shi Injiniya ba ya zuwa gidan ne? Yana zuwa, duk mako. Amma a bakin lungu yake ajiye mota, daidai falwayar, inda sabis ke cike. Kuma tun shekarun baya, ranar da ya amsa waya sau huɗu a tsakiyar gaisuwa, Umma ta ce masa, "In za ka shigo ɗakina, bar waɗannan abubuwan naka a waje." Yaya kuwa ba ya ƙetare maganar Umma. Wayoyi uku gare shi, duka a mota yake barin su, ya shiga hannu rabbana, ya tsaya a bakin ƙofa minti biyar, ya fito. Mutumin da ya auna sabis a kowane titi na garin nan bai taɓa shiga ɗakin uwarsa da waya a aljihu ba.

Idan kuma ya kira ta da safe ko da rana aka ce ba a samun lambar, ya tambaye ta, sai ta ce, "Kashewa nake yi, ba na son hayaniya." Ni kuma ta kafa mini doka. "Kada ki kuskura ki gaya masa. Aikinsa ne. Ki je ki ce masa aikinsa bai yi ba, a ƙofar gidan ubansa? Tafiyar ma motsa jiki ce."

Ni ba Yaya ba ce, ina ƙetare magana. Wata rana a gidansa na ce, "Yaya, babu sabis a lungun Umma."

Ko tsayawa bai yi ba. Ya buɗe kwamfuta a kan firji, don nan ne daidai tsayinsa, ya jawo taswira, ya nuna mini da makullin mota. "Ga lungun. Wane launi kika gani?"

"Kore."

"Kore shar. Wata guda cur ko kira ɗaya bai katse a nan ba. A duk garin nan babu inda ya kai shi. Auta, ke da alli kika saba, bar mana namu. Wayarta ce ta tsufa."

Matarsa ta yi dariya, ba da mugunta ba, amma ta yi. Washegari ya aika wa Umma sabuwar waya. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce wallahi ba zan ƙara ba, ya je ya ci taswirarsa. Shekara biyu ina riƙe da wannan fushin, kuma a shekara biyun nan Umma na taka ɗari da ashirin zuwa, ɗari da ashirin dawowa. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Sai ga maganar tafiya. Wani babban kamfani a wata ƙasa mai nisa ya neme shi ya shugabanci gina sabon layinsu tun daga tushe, ƙarafa ɗaruruwa a wuraren da ba a taɓa kafa ko ɗaya ba. Ba ofis kaɗai ba, da fita daji, da hawa dutse, da aune-aune. Ranar da ya gaya mini a waya muryarsa ta koma ta ɗan shekara ashirin da biyar. Ban taɓa jin yana son wani abu haka ba. Sun ba shi zuwa Alhamis ta sama ya ba da amsa. Ya ce, "Sai abin da Umma ta ce. In ta ce a'a, shi kenan."

Ya je ranar Laraba, ya tsaya a bakin ƙofa, ya faɗa mata. Shekara huɗu, zai riƙa zuwa sau biyu a shekara. Umma ta kalli tabarma. Ta ce, "Ba ni kwana biyu in yi tunani. Zan kira ka da bakina."

Washegari da safe, garin ɗaukar bokiti, gwiwarta ta riƙe. Ta kumbura, ko banɗaki sai da bin bango. Ƙarfe biyar ta yi, ba kira. Ni na kira mai walda, na yi ta ihu a kunnensa mai ji, ya leƙa ya dawo ya ce, "Ta ce lafiya lau, ƙafa ce ta ɗan motsa, kada ki taso." Muna tsakiyar jarrabawa, takardun yara sun kai mini wuya. Na ce to, sai Asabar ta sama. Ban kira Yaya ba. Ai shi mai taswira ne, ya duba.

Shi kuma can abin duniya ya ishe shi. Matarsa ce ta ba ni labari daga baya. Shekara ashirin da wani abu, ranar farko kenan da biyar ta yi wayarsa ba ta yi ƙara ba. Ya kira, ba a samun lambar. Ya sake, ya sake. Ya tsaya gaban allo ya kalli lungun, kore shar. Ya ce wa matarsa, "Inda sabis ke cike, in waya ba ta shiga, mai ita ne ya kashe. Umma ta yi fushi." Ta ce, "To ka je mana." Ya ce, "Ta ce za ta kira da bakinta."

Kwana bakwai ba ya ci sai a yi da gaske. Ya zagaye falo, ya zagaye tsakar gida, ya wanke motar da aka riga aka wanke. A ofis ya yi wa wani injiniya tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya koma ya ba shi haƙuri. Ranar Talata ya tuƙo har bakin lungu. Mai walda ya gan shi: ya kashe mota, ya fito, ya zagaye ta sau biyu, ya yi taku uku cikin lungun, ya juyo ya shiga ya tafi. Jarumin da ke hawa ƙarfe mai tsawon bene goma sha biyar, tsoro ya hana shi jin "a'a" daga bakin tsohuwa. Ranar Alhamis da rana ya rubuta musu cewa ya gode, ba zai samu zuwa ba. Ranar Juma'a suka amsa cikin ladabi, suka ce sun ba wanda ke biye da shi.

Ni duk ban san wannan ba lokacin da na iso ranar Asabar bayan azahar. Na tarar da Umma a kan gado, an jawo gadon jikin taga. Maƙwabciya ce ta taya ta ja, ita ce kuma ke kawo mata abinci. Gwiwa ta yi suntum. Wayar na hannunta.

"Umma! Haka kike, kika ce lafiya lau?"

"Ke dai rage murya. Duba mini wannan abin. Wani lokaci in na ɗaga ta saitin taga sai in ga kamar za ta kama."

Na karɓa na buɗe jerin kira. Lambar Yaya ce daga sama har ƙasa. Na ja, na ja, ba ta ƙare ba. Biyar na yamma, biyar da minti biyu, biyar da minti biyar, shida, bakwai na safe. Sau arba'in da ɗaya. Ko ɗaya bai fita daga ɗakin ba.

"Me ya hana ki aika mai walda ya gaya masa?"

"Wannan ba maganar aike ba ce. Na ce da bakina."

Ban san lokacin da na isa benci ba, ko takalmi ban sa daidai ba. Akwai mutum uku a kai, suka ga fuskata suka watse. Ya ɗauka a bugu ɗaya, ya ce, "Auta, Umma ce?" Na ce, "Ka zo yanzu. Kuma wallahi in ka bar waya a mota sai na fasa gilashin na ɗauko maka ita."

Minti ashirin ya iso. Na tare shi a jikin falwaya na ce, "Ɗaga ta. Sanda nawa?" Ina nufin 'yan sandunan nan na saman waya masu nuna ƙarfin sabis.

"Huɗu. Auta, mene ne..."

"Taka."

Ya taka. A ƙofar gida na biyu suka koma uku. A wajen famfo biyu. Ya rage sauri. Ya ciro waya ta biyu, ya ciro ta uku, ya jera su a tafin hannu kamar yadda yake yi a mota a da. Kafin mu kai rabin lungu duka ukun sun zama fayau. Ya tsaya cak. Ya waiwaya ya kalli bencin, wata mata ta riga ta zauna tana waya. Ya kalli sama ta inda ƙarfen bayan gareji ke leƙowa.

"Duk a can suke kira?"

"Shekara uku."

"Allon..." Ya kalli wayoyin da ke hannunsa. "Allon kiran da ya fara ya katse yake ƙirgawa. Wanda bai ma fara ba, bai san da shi ba. Kowa na zuwa inda sabis ya fi ƙarfi, dole ya yi kore." Ya ɗago ya kalle ni. "Ni na sa aka juya ta."

Na miƙa masa wayar Umma da jerin a buɗe. Ya ja da babban yatsa, ya ja, ya ja. Sannan ya ce, can ƙasa, "Na riga na ce musu ba zan zo ba. Sun ba wani."

Duk masifar da na tanado tun daga ɗaki sai na neme ta na rasa. Na so in ce Allah ya ƙara. Na kasa. Tausayinsa ya kama ni.

Na ɗauka zai shiga wurin Umma. Ina! Ya juya da sauri ya nufi mota. Ya ce, "Ki tsaya a tagarta da wayarta. Mai walda ya zauna a benci da tasa, zan kira shi. Abin da kika gani ki faɗa da ƙarfi."

Sauran Dogo ne ya ba ni labari, shugaban masu hawa, wanda suka fara aiki tare tun suna samari. Ya ce Yaya ya kira shi ya zo bayan gareji da ɗamara biyu. Dogo ya ce, "Yallaɓai, takardarka ta ƙare. Dokarka ce." Yaya ya ce, "Ka rubuta ni ranar Litinin, ni zan sa hannu." Dogo ya ce, "In muka dawo da ita titi zai koma ja." Yaya ya ce, "Ya koma. Ja dai muna ganinsa." Ɗamarar ba ta zagaye tumbin ba sai da aka saki ramin ƙarshe. Ya huta sau biyar kafin ya kai sama, Dogo na biye da shi yana addu'a. Amma ƙugiya biyu, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko sau ɗaya ba.

Ni ina taga, wayar Umma a ɗage. Lungu ya cika, kowa ya fito ƙofar gidansa da waya a hannu. Can na ji mai walda daga bakin lungu: "Ya ce ya fara juyawa!"

Babu komai. Babu komai. Sai sanda ɗaya ta ɓullo ta ɓace.

"Ƙara kaɗan!" na kwarara.

"Ta ce ƙara kaɗan!" in ji mai walda.

Ɗaya. Biyu. Wata mata a gidan gaba ta yi guɗa, wayarta ta fara karɓar saƙonni a tsakar gida. Sai suka koma ɗaya.

"Kai, ka wuce! Dawo!"

"Ta ce kai, ka wuce!"

Biyu. Uku.

"Tsaya nan! Tsaya nan!"

Ina juyowa Umma ta miƙo hannu. Agogon bango ya nuna biyar saura 'yan mintuna, amma ba ta jira ba. Ta danna da kanta. Ya shiga. Ƙarar ta cika ɗakin, ƙarar da ɗakin nan bai ji ba shekara uku.

"Umma."

"Ka tafi," ta ce, ko sallama babu, kamar tana tsoron layin zai gudu. "Tun daren da ka zo na yanke. Ka tafi, na yarda, Allah ya yi maka albarka. Kai ba mutumin ɗaki ba ne, ina ganin yadda wurin nan ke cin ka. Ni ga auta."

Sai iska ke kaɗawa cikin wayar, da ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe.

"To, Umma. Na gode."

"Yaushe ne tafiyar?" Ta saurara. Fuskarta ta canza. "Wannan iskar fa? Kana ina?"

"Ina sama."

Ta juya a hankali, da gwiwar da komai, ta ba taga baya. Amma ba ta kashe ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu a jikin kunne, muna jin ƙugiya, ƙwal, ƙwal, da numfashinsa. Kusan rabin awa ba wanda ya yi tari a ɗakin.

"Na sauko, Umma."

"To." Ƙit.

Ranar Litinin Dogo ya rubuta shi, ya sa hannu, manya suka ja masa kunne a rubuce. Titi ya yi rawaya wata biyu kafin a ƙara masa eriya tasa. A makon kuma ya tara injiniyoyinsa, a tsaye, ya ce su bar allo su shiga lunguna da ƙafa, duk inda suka ga mutane sun taru wuri ɗaya kowa da waya a kunne, su rubuto masa. Sun samo wurare goma sha ɗaya. Wani benci ne, wani gindin bishiya, wani saman tulin yashi. Duka kore ne a taswira.

Amma wannan daga baya ne. A yammacin Asabar ɗin, bayan ya sauko, ya shigo lungu hannuwansa duk tsatsa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya cire takalmi. Bai toge a bakin ƙofa ba, ya wuce ciki, ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya jingina da bango. Sai da na ƙara dubawa.

"Umma, babu tafiya. Ranar Alhamis na ce musu ba zan zo ba. Na ɗauka fushi kika yi."

Ta kalle shi. Sannan ta kalli gwiwarta.

"Sau arba'in da ɗaya na kira ka."

"Na gani."

"Da na san haka ne, da na rarrafa."

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara rawa. Umma ta ɗora hannu a kan furfurarsa ta bar shi a nan. Wayoyi uku a aljihunsa, ya manta bai bar su a mota ba, suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, ofis na nemansa a kan titin da ya canza launi. Umma ba ta ce ya fitar da su ba, shi kuma bai taɓa su ba. Na kalli agogo lokacin da ya zauna, na sake kallo da na tashi ɗora ruwan zafi don gasa mata ƙafa. Awa ɗaya da minti goma, yana nan inda yake.